Rijiyoyi a Inuwar Dogonyaro

Ƙwas. Ƙarar da guga ya yi ke nan da ya isa ƙasan rijiyarmu, wata safiya a farkon bazara. Duk matar da ta saba jan ruwa ta san bambancin gugan da ya faɗa ruwa da wanda ya faɗa taɓo. Na jawo igiya ba nauyi, na leƙa cikin gugan, na ga laka kamar rabin ludayi da wani ɗan kwaɗo da bai yi murnar ganina ba. Na mayar da shi inda ya fito, na ce alhamdulillahi, don ban san abin da ake cewa bayan wannan ba.

A lokacin muna haya a ƙarshen wani layi a Samaru, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, har ana zuwa kallon ta mai shago. Akwai famfo a tsakar gidan, amma tun da muka tare ban ga ya yi wani aiki ba sai rataye tsumma. 'Yan ga-ruwa kuwa, da zarar zafi ya kama sai su manta hanyar layinmu, su bi inda ɗalibai suke. Ni ba na fita da rana sai da dalili, ga kuma goyo. Don haka ɗaukar ruwa ya faɗa kan babbar 'yata. Ita ce ta fari, ba na kiran sunanta ko a tsakar gida, balle a rubuce.

Tana aji uku a firamare. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki gammo da bokiti, ta tsallake babban titin da ya nufi Shika, inda manyan motoci ke wucewa kamar an biyo su, ta je rijiyar wani masallaci da ba ta ƙafewa. Sai ta yi sawu biyu, wata rana uku, kafin ta sa rigar makaranta. Kusan kullum a makare take zuwa, kullum kuma sai an ba ta tsintsiya. Ba ta taɓa kawo ƙara ba. Ni ce da kaina, wata Juma'a ina mata kitso, na ga gashin tsakiyar kanta ya fara zubewa, daidai faɗin gammo. Na karkatar da kitson ya rufe wurin. Ta tambaye ni me ya sa yau ya karkace, na ce sabon yayi ne.

Maigidan yana aiki a wani sashe na jami'a inda ake zana taswira. Ba malami ba ne, shi ne wanda ake miƙa wa takardu ya zauna gaban kwamfuta har su zama hoto. A cikin wannan bazarar ce wata ƙungiya ta ce za ta haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya a unguwarmu. Unguwar da girma, rijiya kuma ɗaya, sai suka yanka ta yanki-yanki a taswira, suka ce a ƙirga rijiyoyin da ke cikin kowane yanki. Wanda ya fi ƙarancin rijiya, shi zai samu. Aka ba sashensu aikin. Aka tura ɗalibai maza gida-gida da wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa, wadda idan ka tsaya a wuri ka danna, sai ta riƙe wurin a cikinta. Kowace rijiya, dannawa ɗaya. Kowace dannawa, ɗigo ɗaya a taswira. Ƙirgar kuwa aka bar wa maigidan.

A ofis layi ake yi wa kwamfuta, don haka ya kawo aikin gida, kan wata tsohuwar kwamfuta da ya sayo a Sabon Gari. Ta cinye teburin da nake jera kwanukana. Idan an kawo wuta da rana sai in aika yaro ya gaya masa, ya hau keke ya zo yana haki, ya zauna bai ko cire hula ba. Idan aka ɗauke kafin ya adana, sai ya yi salati, ya miƙe, ya sha ruwa kaɗan, don ya san wadda ta ɗauko shi.

Nakan tsaya a bayansa da goyo ina kallo. Yankunan kamar gonaki suke a allon, wasu da kusurwa huɗu, wasu da kusurwoyi barkatai kamar ƙyallen da tela ya yar. Ya ce dole layin kowane yanki ya zagaya ya dawo inda ya fara. Idan aka bar 'yar kafa, ko da ido ba ya ganinta, kwamfuta ba za ta ƙirga komai ba, don a wurinta abin da ba a rufe ba ba shi da ciki. Na ce ai haka akurkin kaji yake. Ya ce haka ne.

Yarinyar ce ta tambaye shi yadda kwamfuta ke sanin ɗigo yana ciki ko yana waje, tunda ba ta da ido. Ya fito da ita tsakar gida, ya zana wani murɗaɗɗen da'ira a ƙasa da tsinke, ya ajiye tsakuwa. Ya ce ta tashi daga tsakuwar ta miƙe sak, ba kwana, tana lura da sau nawa ta tsallake layi. Idan sau ɗaya ne, tsakuwar tana ciki. Idan sau biyu ne, ta shiga ta fita ke nan, tsakuwar tana waje. Ta yini tana wannan wasan. Har ƙaninta ta zaunar a ƙasa ta zagaye shi da layi, ta zo ta sanar da ni cewa yana ciki.

Ranar da ƙirga ta fito, yana cin tuwo ya gaya mini, bai ɗago kai ba. Yankinmu yana cikin waɗanda suka fi kowa yawan rijiya. Na ce to ai tamu ta ƙafe, ta gidan da ke jikinmu ma haka. Ya ce masu aikin cewa suka yi a ƙirga bakin rijiya, ba ruwa ba, don wadda ta ƙafe yau za ta cika da damina, kuma idan aka ce a ƙirga mai ruwa kawai, kowa tasa za ta ƙafe a ranar. Na ga gaskiyarsa, na kwashe kwano. Da na shiga ɗaki na tarar da yarinyar ta yi barci tun kafin isha'i, gammon yana hannunta.

Bayan kwana biyu ya kira ni daga madafa, ya ce in zo in ga ikon Allah. Ya buɗa taswirar ta yi girma, har layinmu ya fito da faɗinsa. Ga ɗigo-ɗigo nan sun jeru a gefen titi, ɗaya bayan ɗaya, kamar carbi.

"Kin taɓa ganin rijiya a bakin titin nan?" in ji shi.

Na ce tun da muka zo ban gani ba, sai dai idan da dare ake fito da su.

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Mu duka mun riga mun gane. Yawancin gidajen layinmu an rubuta Ba Shiga a jikin zaure, kuma ɗaliban yaran kirki ne masu tarbiyya, ba za su kutsa wa matan aure ba. Sai su yi sallama, su aika yaro ya tambayo ko akwai rijiya. Kafin yaro ya dawo, rana tana dukansu, sai su koma inuwa su jira. Itatuwan dogonyaron layin nan kuwa duk a ɓangarenmu suke. Yaro ya dawo ya ce akwai, su danna a inda suke tsaye. Iyakar yankinmu da na tsallake kuma ta tsakiyar titin ta bi. Ta haka rijiyoyin mutanen tsallake suka ƙetaro titi suka zo shan inuwa, aka rubuta mana su. Ni da kaina na hango yaran ta kafar ƙofa a lokacin, suna zaune a gindin itace, har na aika musu da kunun zaƙi.

Na ce to abin ai da sauƙi, ya ɗauki linzamin kwamfutar nan ya ja su ya mayar wa masu su. Na ga yadda yake jan abu a allon ya ajiye inda ya so. Ya daɗe yana kallon hannunsa a kan linzamin, sannan ya ɗauke shi ya ɗora a gwiwa. Ya ce ba zai matsar da ɗigo zuwa inda ba a tsaya aka danna ba, balle ga gidansa a cikin yankin. Idan ya ja ɗaya yau, gobe ba zai san inda hannunsa zai tsaya ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na koma madafa na daka yajin da ba a bukata. Amma da na zo salla na kasa roƙon Allah ya canza masa ra'ayi, sai na roƙa wa yarinyar sauƙi kawai, ta inda Ya ga dama.

Ya kai maganar wa shugabansu. Aka duba sauran yankunan aka ga su ma rijiyoyinsu suna son inuwa. Sai aka ce a sake ɗaukar unguwar gaba ɗaya, wannan karon mata su shiga, su tsaya a bakin kowace rijiya. Ɗalibai mata a sashen ba su da yawa, ga jarrabawa ta matso. Aka raba musu abin da za su iya, yankinmu da na tsallake suka rage. Maigidan ya dawo yana ta kewaye-kewaye, yana tambayata ko har yanzu ina tuna taswirar da aka koya mana a sakandare. Na ce ina tuna kogin Neja da Binuwai. Ya ce ya isa.

Don kada a ce matarsa ce kaɗai, aka haɗa ni da maƙwabciyarmu, malamar firamare, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta yana aiki a coci. Malama muke ce mata. Mace ce mai baki, ga tafiya da sauri. Muka fara zuwa kasuwar Sabon Gari sayen batir, don na'urar cin batir take kamar mai jego da tuwo. Mai shagon ya karɓe ta ya jujjuya, ya tambayi Malama da turancin kasuwa ko irin wayar sojoji ce. Ta ce masa e, kuma tana ɗaukar maganar duk wanda ya sayar da batir na jabu. Ya mayar da waɗanda ya fara miƙo mana, ya ɗauko wasu daga ƙarƙashin kanta.

Aikin ba wuya, sai dai jira. Ki tsaya a bakin rijiya, ki ɗaga na'urar sama inda ba rufi ba itace, don da taurarin ɗan'adam take magana. Akwai wata lamba a gefe, ki jira ta yi ƙasa, sannan ki danna. Ni ke riƙewa, Malama ke shaida. Haka muka riƙa shiga gida-gida bayan la'asar, idan ta taso makaranta, ni da hijabi da goyo, hannu ɗaya a sama kamar mai rantsuwa.

Ban san layinmu ba sai a wannan makon. Shekaru ina jin tarin wata mata ta bayan katanga, sai ranar na ga fuskarta. A kowane gida sai an shimfiɗa tabarma, sai an kawo fura, kuma ba a ƙin furar mutane, har Malama ta ce idan aikin ya wuce mako za a ƙirga mu cikin rijiyoyi. Wata tsohuwa ta roƙe ni in kira mata ɗanta da ke Legas. Wata ta ce in ɗora abin a kan cikin 'yarta in gaya mata namiji ne ko mace. Da yawa kuma a ɓangarenmu sun riga sun ji labarin burtsatse, sai su ja ni gefe su ce tasu ta mutu tuntuni, kada in wahalar da kaina. Sai in leƙa, in ga baki a buɗe, in ba su haƙuri, in danna. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mai cutar kanta da ladabi irina ba. Na ce Allah ya ba mu ruwa. Ta ce amin, amma ba ta raka mu zaure ba.

Gida ɗaya ne ba ya cikin taswirar farko ko kaɗan. Yana bayanmu, katangarsa da tamu lungu ɗaya ya raba, amma ƙofarsa wani layin take kallo. Ba a rubuta Ba Shiga ba a gidan, kare ne ke faɗa da bakinsa. Ɗaliban sun ji shi sun wuce. Ni ma kullum ina jin haushinsa, kuma duk abin da na sani game da gidan ke nan. Da muka iso ƙofar na tsaya cak, na ce wa Malama alwalata. Ta ce cocinsu ɗaya da mai gidan, ta ƙwala kira, aka ɗaure karen a gindin gwanda. Ya bi ni da ido, na bi shi da addu'a, muka rabu lafiya.

Mai gidan tsohuwa ce 'yar kudu, ta yi shekaru tana sayar da atamfa a Sabon Gari kafin gwiwa ta zaunar da ita. Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta nuna mana rijiyar a can ƙuryar gida, an rufe ta da murfin ƙarfe. Malama ta ɗaga, sanyi ya bugo mu. Na jefa guga, na ji irin ƙarar da na yi wata biyu ban ji ba. Tsohuwar ta ce marigayi mijinta ne ya sa aka haƙa, ya hana masu haƙa tsayawa har sai da suka fasa dutse, kuma ba ta taɓa ganin ƙasanta ba.

Na san taswirar nan kamar tafin hannuna a lokacin. A daidai nan iyakar ta bar titi ta lanƙwasa ta bi bayan gidaje. Ƙofar tsohuwar tana wani yanki, ƙuryar gidanta tana namu. Malama ma ta sani. Ta rage murya.

"Maman yara, yaran nan ba su ga wannan ba. Mu ma karen zai iya korar mu."

Ban san ko wasa take ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Yaranta uku su ma titin nan suke tsallakewa. Na ɗaga hannu sama. Lambar ta daɗe ba ta sauko ba, ko kuwa ni na ga ta daɗe. Ina kallon allon ina ganin tsakiyar kan yarinyata. Da ta sauko na yi bismilla na danna. Malama ta sauke numfashi, ta ce to, shaida ta gani.

Tsohuwar ta tambayi me ake yi da wannan duka. Muka gaya mata. Ta tambayi inda muke samun ruwa yanzu, Malama ta faɗa, har da titin da manyan motoci. Tsohuwar ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai daka da sassafe a bayan katangar nan?"

Na ce ni ce, ta yi haƙuri.

"'Yata, shekara nawa ina jin turminki, ban san jaririya kike aikawa titi ba."

Na gyara goyo.

Aka zuba sababbin ɗigo a kwamfuta. Rijiyoyin tsallake suka koma gidajensu, carbin bakin titi ya watse. Yankinmu ya sauko ƙasa sosai, har na fara tunanin inda za a kafa famfon. Maigidan ya danna ƙirga, muka jira, kwamfutar tana gurnani. Wani yanki ta wajen hanyar Hanwa ya fi mu ƙaranci, da ɗan kaɗan. Ya sake dubawa, ya tabbatar kowane layi a rufe yake, ya sake dannawa. Amsar ba ta canza ba. Na tambaye shi ko ɗigon gidan kare ne ya kayar da mu. Ya ce kwamfuta jimilla take bayarwa, ba ta nuna wane ne. Na san zai iya dubawa. Ya san na sani. Ban sake tambaya ba, har yau.

Can aka haƙa burtsatsen. Na ji an ce matan wurin sun fi mu shan wuya, kuma na yarda, don wata daga cikin ɗaliban ta ce akwai lungun da ta bi tun daga farko har ƙarshe ba ta danna ko sau ɗaya ba. Matar nan da ba ta raka mu zaure ba ta daina gaishe ni har damina ta sauka.

Kwana biyu da fitowar sakamako, da hantsi, muka ji ana bugun katanga ta lungu. Maigidan ya fita ya tarar da magini yana fasa 'yar ƙofa a bayan gidan tsohuwar, ita kuma tana zaune a kujera tana ba da umarni da sanda. Ta ce masa ta gaji da zagayawa idan za ta gidan Malama. Gidan Malama ba ta nan yake ba, amma bai gyara mata ba. Ta ce yara su riƙa shigowa ta nan da safe da yamma, za a ɗaure karen, sai dai duk wanda ya taɓa mata gwanda ita da shi ne. Ya dawo ya gaya mini, ya ƙara da cewa ƙofar ba ta canza komai a taswira ba. Na ce ban ce ta canza ba.

Da la'asar na raka yarinyar da kaina, don in nuna mata inda za ta tsaya nesa da karen. Ba ta ji tsoronsa ba, har gaishe shi ta yi. Ta gaida tsohuwar a durƙushe, ta ja ruwa, na ɗora mata. Daga bakin rijiyar zuwa randarmu ban gama karanta Ƙulhuwallahu uku ba. Ta juye, ta koma, ta juye, ta koma, har randa ta cika, ta cika baho, ta fara neman kwanukan da babu komai a ciki. Na ce ya isa haka, rijiyar tana nan gobe.

Ta tsaya a tsakar gida, rigarta jiƙe, ta warware gammon ta ga ashe tsohon ɗankwalina ne, ta ninke shi ta miƙo mini. Ta dubi randa, ta dubi ƙofar lungu, kamar mai lissafi a zuci.

"Umma," ta ce, "gobe idan na yi salla zan koma barci."